Idon Talle

A garinmu, can cikin ƙasar Korgom, ba rediyo muke jira ba kafin mu ajiye azumi. Talle muke jira. Shekara talatin da wani abu, duk ranar ashirin da tara ga wata, sai ya hau tudun yashin da ke yamma da gari dab da magariba, ya kare goshi da hannu. In ya ce ya ga jinjirin wata, mata su hau dakan sallah. In ya ce babu, kowa ya koma neman abin sahur. Manomi ne da ko sunansa bai iya rubutawa, amma a wannan yammacin liman ma a bayansa yake tsayawa.

Sirajo ɗansa ne, abokina tun muna lakwal, makarantar boko. Ni na tsaya a aji shida na kama keken ɗinki, shi ya wuce Tasawa ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya tafi jami'a a Yamai. Daga can aka tura shi ƙasar Larabawa ya yi shekara biyu yana karatun ilimin taurari. Talle ya ishe mu da wannan labari. Ko wando ya kawo mini faci sai ya ce, "Gado ne, ni da ido, shi da takarda."

Da Sirajo ya dawo, a rumfata yake zama yana ba ni labarin abokan karatunsa. Wani yana aiki inda ake da madubin hangen sama da ya fi rumbu girma, wata tana cikin masu sarrafa tauraron ɗan adam. Shi kuwa ya rubuta takardun neman aiki har ya gaji. Daga ƙarshe ya samu koyar da lissafi a wata sakandare wajen Mayahi, ɗan kwantiragi, a ajin da aka kewaye da zana mai ɗalibai casa'in. In ya zo hutu sai 'yan gari su tare shi da sunan da ake kiran malamin boko: "Mushe, yau mi sama ta ce?" Ya yi murmushi ya wuce, amma na san abin yana cinsa. Mutum ne mai kirki, sai dai yana da yunwar a ce masa ya yi daidai a gaban jama'a, ko sau ɗaya.

Akwai abin da gari bai sani ba, ni ma sai daga baya na ji. Yana, farin nan mai hana gani, ta fara rufe idon Talle tun shekara uku kafin shekarar da abin ya faru. 'Yarsa Zara'u, ƙanwar Sirajo, ita ke binsa tudu da sunan kai masa ruwan buɗa-baki. Ita ke dubawa, ta raɗa masa, shi kuma ya ɗaga hannu ya faɗa. A wannan shekarar Zara'u tana ɗakin mijinta a Kanan-Bakashe, ta haihu kwana huɗu. Talle ya hau tudu shi kaɗai, jama'a na binsa a baya kamar kullum.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya nuna saman wani gawo ya ce, "Ga shi can, siriri. Na gan shi."

Aka yi kabbara. Wasu matasa har sun juya da gudu za su kai wa mata labari. Ina tsaye kusa da Sirajo, na ga yana duba wayarsa, na ja masa riga. Wallahi na ja masa riga. Ya fizge.

"Liman, a dakata," in ji shi. "Yau wata ya riga rana hwaɗuwa da minti goma sha ɗaya. Ba shi ma cikin sama, balle a gan shi."

Liman Ƙadri tsoho ne mai sanyin murya, kuma da sanyin ya tambaya: "To mi kake nuhi, Mushe? Mahaihinka ƙarya ya yi ma Musulmi cikin azumi?"

A nan Sirajo ya gane inda ya jefa kansa. Ya so ya wanke uban daga ƙarya, sai ya ɗauko abin da ya fi ƙaryar ciwo.

"Baba bai yin ƙarya. Idonshi ne. Yana ta ruhe shi, shekara ukku ke nan."

Talle bai ko juyo ba. Da an bar shi haka, da kowa ya sauka da ɗan abin da ya rage. Amma akwai Sanda mahauci, wanda ya daɗe yana ganin idonsa bai gaza na Talle ba. Ya kama hannun Sirajo ya ja shi baya kamar taku goma, ya dafa masa kafaɗa.

"Talle, tunda kana ganin wata, hwaɗa mana: wane ne wanga da na dahwa?"

Talle ya juyo. Ya ƙanƙance ido, ya matso da kai gaba. Ya daɗe.

"Mati ne, ɗan maƙwabcina," in ji shi.

Dariya ta fashe. Dattawa masu furfura, da azumi a bakinsu, suna riƙe ciki. Ni ma na ji ta taso mini har maƙogwaro, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Talle ya sauka daga tudun yana laluben ƙasa da ƙafa, babu wanda ya kama hannunsa. Da Sirajo ya matso, ya ture shi.

Muka cika talatin. Ranar talatin ɗin da magariba wata ya fito, kowa ya gan shi, har masu gajeren gani. Lissafin Sirajo bai kuskure ba, kuma babu mutum ɗaya da ya ce masa sannu. Sanda ne ya sanar, yana ɗaga murya kamar shi ya rataye watan da hannunsa.

Talle bai je idi ba. Ya daina fita kasuwa, ya daina zuwa rumfata. Bayan kaka Zara'u ta zo ta sa shi gaba da kuka, ta kai shi Maraɗi aka yi masa aikin ido. Aikin ya yi kyau. Na same shi a zaure yana zura zare a allura da kansa, ya hango ni tun daga bakin rijiya ya kira sunana. Na yi murna, na buga wa Sirajo waya na ce ya zo, dattijo ya warke.

Ya zo ran juma'a a kan kabu-kabu, babur ɗin haya, da sabuwar riga da ya saya masa. Tare muka shiga. Hantsi ne, zauren cike da haske. Sirajo ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa, kusa har gwiwarsu ta kusa haɗuwa.

"Baba, ina kwana."

Talle ya dube shi sosai, ido cikin ido.

"Wane ne?"

"Ni ne, Baba. Sirajo."

"Ban gane ka ba," in ji Talle. "Ai ka sani, ba ni gani."

Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Duk sallah Sirajo yana zuwa ya durƙusa, kuma duk sallah tambayar da yake samu ke nan.