Zuwa Mutum Biyu Nemo wa Bulus Iska

Talata: Majidaɗi zuwa tasha

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na fita daga gidana a unguwar Majidaɗi cikin Jalingo, ko shayi ban tsaya sha ba. A jakata akwai riga ɗaya, tef ɗin awo, da bindigar feshin shagonmu naɗe cikin tsumma. Maiɗakina ta ga ina cusa ta, ta ce, "Malam, fenti za ka yi wa mutanen hanya?" Na ce a'a, Bulus nake ɓoye wa.

Ni kafinta ne, shagona yana unguwar Sintali. Bulus shi ke yi mana feshi, shekara goma sha huɗu muna tare, kuma duk ƙyallin da ake yabon kayana da shi na hannunsa ne. Ɗakin da yake aiki a ciki ni na toshe tagarsa da katako, na cusa tsumma a ƙasan ƙofa, don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fanish. In ya gama ya fito yana layi, sai a fasa masa gwangwanin madara, wai tana wanke ƙirji. Haka muka taras ana yi, haka muka ci gaba. Alhamis ɗin da ta wuce muka ji kwamfireso, injin da ke ba bindigar feshi iska, yana ta ƙara babu mai kashe shi, muka tura ƙofa muka tarar da Bulus kwance a ƙasa. Likita ya ce in ya sake shaƙar tina, ruwan da ake tsinka fanish da shi, a rufaffen ɗaki, kada mu yi mamakin abin da zai biyo baya.

Washegari wata jami'a ta zo daga ofishin kashe gobara. Ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce a fasa bango a sa fanka mai zuƙe tiririn waje, amma ba irin ta kasuwa ba, domin injinta na tsakiyar iskar, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi ɗakin da wanda ke ciki. Makunni ya koma waje, galan-galan na tina su bar ɗakin, a sayo takunkumi mai matata. Kafin ta dawo ta duba, kada a fesa ko kujerar tsugunno.

Ga kuma kayan ɗakin 'yar Hajiya Binta, gado da sif da madubi, an yi alkawarin ranar Juma'a, suna tsaye fari fat ba fenti. Na san Bulus sarai. Alkawari a wurinsa ya fi ƙirjinsa daraja. Shi ya sa bindigar ke jakata.

Hanyar Wukari

Mota ta cika ƙarfe shida da minti ashirin, naira dubu uku kowa, mu huɗu a baya. Tafiyar kusan kilomita tamanin ce. Wani tsohon abokin aiki ne ya ba ni labarin mai walda a garin Mutum Biyu da ke ƙera wa masu injin casar shinkafa fankar da ke hure ɓuntu, wai injinta a gefe yake, bel ke juya ta. Ban taɓa ganinta ba. Ina zaune ina ta tunanin in na je na tarar ba haka ba ne fa?

Mun wuce shingen jami'an tsaro biyu ba a ce mana komai ba. A na uku, bayan Iware, aka sa kowa ya buɗe jaka. Jami'in ya juya kayan aikina a hannu ya ce, "Kai mai fenti ne?" Na ce ubangidan mai fenti ne. Ya ce, "To shi da me yake aiki yau?" Na ce yau hutu yake. Direba ya yi dariya, ni kuwa ban yi ba.

Ƙarfe bakwai da rabi na kira Saratu, matar Bulus. Ta ce yana kwance, ya sha kunu, amma tun safe maganar kayan Hajiya yake yi. Na ce ta ɓoye masa takalma.

Mutum Biyu

Mun sauka ƙarfe takwas da minti goma. Ɗan acaba ya kai ni bayan injinan shinkafa a kan naira ɗari uku, ko'ina ɓuntu ya yi tudu. Mai waldar dattijo ne siriri, Bappa Hammadu, da gilashin walda rataye a wuya. Ya yi mini maraba da Fillanci, "Jaɓɓama, baƙon Jalingo," ya sa aka kawo mini fura kafin ya bari na buɗe baki.

Da na gama bayani ya jawo ni ya nuna mini ɗaya da ya gama. Kamar dodon koɗi take, iska na shiga ta tsakiya ta fita ta baki, injin kuwa can gefe. Hankalina ya ɗan kwanta, sai ya tayar da shi.

"Wannan ba za ta yi maka ba. Fukafukanta ƙarfe ne, gidanta ƙarfe. Ran da suka gogi juna wuta za su ba ka. Sai na yanka maka na alminiyam."

"Bappa, yau nake son komawa."

"Ka koma mana, hanya a buɗe take. Fanka dai sai gobe."

Ya tambayi faɗi da tsawon ɗakin, na faɗa masa. Ya ce iska ta ina take shiga? Na ce ba ta shiga, ai mun toshe ko'ina saboda ƙura. Dattijon nan ya ajiye guduma ya dube ni sosai.

"To me fankar za ta ja? Toshe hancinka ka rufe baki ka ja numfashi in gani."

Kunya ta kama ni. Ya zana mini a ƙasa da tsinke: taga a bayan mai feshi, a lulluɓe ta da raga da siririn soso don tace ƙura, kayan da ake fesawa a tsakiya, fanka a ƙasan bangon gaba tunda tiririn tina nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya. Bututu kuma ya hau sama ya wuce rufin maƙwabta. Na ce madara fa? Ya ce, "Madara ciki take zuwa, Malam. Yaushe ta san hanyar huhu?"

Wuni na yi a kansa ina miƙa masa abin da bai tambaya ba, har ya kore ni na je na ci tuwon shinkafa da miyar kuka a bakin titi, naira dubu da ɗari biyu, ban san ɗanɗanonsa ba. Da la'asar Hajiya Binta ta kira. Na ga sunanta, ba yadda zan yi, na ɗauka. Ta ce, "Juma'a dai ko, Malam?" Na ji bakina ya ce, "In sha Allahu, Hajiya." Kai, ni ma dai! A zauren Bappa na kwana, ya ƙi barin in nemi masauki.

Laraba: komowa

Sai ƙarfe ɗaya da rabi aka gama, aka gwada ta ta hure ɓuntun tsakar shagon kakaf. Ba ta shiga ƙaramar mota, don haka Bappa ya haɗa ni da direban a-kori-kura mai kai shinkafa Jalingo, dubu shida ni da kayana. Na gode masa da Fillanci, "Useko, Bappa," ya ce in gaida masa mara lafiya. Mun tashi ƙarfe biyu saura minti biyar.

A shingen farko aka nemi rasit ɗin fanka, minti ashirin suka tafi a nan. Muna dab da Iware tayar baya ta yi faci. Muna tsaye a rana direba na kwance ta, ƙarfe uku da minti goma, Saratu ta kira, ita da ba ta kiran Bulus sai Baban Rifkatu.

"Oga, Baban Rifkatu ya fita tun sha ɗaya, wai zai sayo magani, bai dawo ba. Na je shago na ga kwaɗo a ƙofa. Yanzu wani ya ce mini ya gan shi a garejin masu fentin mota."

Me zai kai mai feshi garejin fenti in ba aron bindiga ba? Sai a lokacin na tuna yana da makullin ɗakin feshi a aljihunsa, shekara goma sha huɗu yana yawo da shi. Na ɗauko bindiga na bar masa makulli! Na ce ta koma shagon da gudu, amma layi ya yanke kafin in tabbatar ta ji. Na kira Bulus sau shida, tana shiga ba a ɗauka. Ma'aikatana biyu suna can bayan gari wurin kafa ƙofofi, wayarsu ba ta shiga. Ina neman lambar telan da ke kusa da shagonmu cajina ya ƙare.

Na ce wa direba, "Don girman Allah ka yi sauri." Ya ce, "Alhaji, buhu arba'in ne a bayana, in na taka fiye da haka asibiti za mu sauka." Gaskiya ya faɗa, amma na ji kamar in shaƙe shi. Daga nan har Jalingo ba abin da nake gani sai ƙofar nan a rufe da tsumman da na cusa a ƙasanta. Na yi ta salati a fili, har direban ya rage rediyo.

Sintali

Ƙarfe huɗu da minti arba'in muka shiga layinmu. Tun kafin mota ta tsaya na diro. Warin tina ya daki hancina. Na saurara ko zan ji kwamfireso, shiru. Ƙofar ɗakin feshi a buɗe take.

Bulus na zaune a kan gungumen maɗaci a gindin bango, bindigar aro a cinyarsa, ya riga ya dama fanish ya cika kofinta. Ya rame a kwana biyun nan. Na yi niyyar zaginsa tas, sai na kasa, na zauna a ƙasa gabansa ina haki.

"Ka fesa?"

"Ban fesa ba, Oga."

"To me kake yi a nan da wannan abin?"

Ya dubi ƙofar ɗakin ya ce, "Na buɗe ƙofa, na sa ƙafa ɗaya, ƙafa ta ƙi tafiya. Sau uku ina gwadawa." Ya share ido da bayan hannu. "Tsoro na ji. Ni Bulus, ina tsoron ɗakina. Ka yi haƙuri, na ba ka kunya wurin Hajiya."

Wai ni yake ba haƙuri. A nan Saratu ta iso a bayan acaba, ɗankwali a hannu, ta zo ta zauna kusa da mijinta.

Na ari wayarta na kira Hajiya Binta a gabansu. Na ce kaya ba za su samu ran Juma'a ba, sai an fasa bango, an kafa fanka, jami'a ta zo ta duba, ko da zai kai mako biyu. Ta wanke ni tas, ta ce na kunyata ta a gaban surukai, kuma tana da gaskiya. Duka faɗan bai kai minti huɗu ba. Minti huɗun nan nake gudu tun ranar Juma'ar da ta wuce, har na gwammace in yi tafiyar kilomita tamanin da bindiga a jaka, in bar mara lafiya da alkawari a wuyansa.

Bulus ya juye fanish ɗin cikin galan ya rufe. Muka sauke fanka ni da Saratu da direba, Bulus kuwa muka hana shi taɓawa.

Na shiga gida Majidaɗi ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Bappa Hammadu da furarsa da zaurensa, da direban da ya ƙi biye mini, da Saratu. Amma ranar nan ba ni na tsare Bulus ba, ba kuma fankata ba. Tsoron da ya kama shi a bakin ƙofa ne, kuma har yau in na yi sallah ina gode wa Allah da ya saka masa shi.