Kunnen Giyar da Ya Karye a Hannun Malam Sama'ila

Ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun Malam Sama'ila a gida ba. Kafin motocin farko su cika a tashar Kawo ya riga ya share gaban rumfarsa, ya rataye famfo a ƙusa, ya jera sifanoni a kan buhu daga ƙarama zuwa babba. Shekara talatin da huɗu ke nan yana gyaran keke a wannan lungu. A wannan watan zai ajiye aikin, don idanunsa sun fara gaza ganin zaren noti. Shi ya sa na ga bai kamata ya tashi a shiru ba.

Masu faci suna da yawa a Kaduna. Abin da ya fitar da Malam Sama'ila daban shi ne kekuna masu giyar sauya gudu, irin na gwanjo. A ƙafar bayansu akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon yatsa ba, wanda giyar ke rataye a jikinsa. Shi kunne yake ce masa. Da gangan ake yin sa da laushi, don in keke ya faɗi shi ya lanƙwashe, jikin keken ya tsira. Matsalar ita ce kusan kowane keke da irin nasa kunnen, kuma in ya lanƙwashe sau ɗaya yake yarda a miƙar da shi.

Larai, mai sayar da abinci a gefen rumfar, ita ta ba ni labarin ranar da ba ta manta ba. A shekarar da aka hana hawa babura ne, ƙarshen damina, rana ta fito da zafi tun hantsi. Sai ga wani ma'aikacin lafiya, Ishaya, yana turo keke, gwiwar wandonsa a yage, kula mai shuɗin murfi ɗaure a baya. Wata mota ce ta matse shi ya faɗa kwalbati.

"Baba, ka taimake ni," in ji shi. "Allurar ƙyanda ce a kular nan. Wata ruga za ni bayan Rigachikun, yara biyu sun riga sun rasu a maƙwabtansu, kuma gobe da safe za su tashi da shanunsu."

"Ƙanƙarar fa?"

"Jiya ba mu samu wuta sosai ba, ba ta daskare da kyau ba. In azahar ta yi ban buɗe ta a can ba, sai dai a zubar."

Malam Sama'ila ya sa aka shigar da kular inuwa, ya kifa keken. Kunnen ya karkata ciki, har giyar na gogar wayoyin ƙafa. Ya zazzage gwangwanin da yake tara tsofaffin kunnuwa, ya riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani ramin noti bai zo daidai ba, wani ya yi tsawo. Babu ko ɗaya.

Ya goge ƙarfen da tsumma, ya kai shi kusa da ido. Akwai wani ɗan farin layi a gindinsa.

"Likita, an taɓa miƙar da wannan?"

"Ban sani ba, Baba. Keken asibiti ne."

"An taɓa. In na taɓa shi zai iya karyewa. In na bar shi, giyar za ta shige cikin wayoyi kana gudu a kan titin Zariya, tsakanin tireloli. Me ka ce?"

Ishaya ya dubi kular, ya dubi agogonsa. "Gwada."

Malam Sama'ila ya cire giyar, ya cije kunnen da sifana, ya soma ja a hankali, kamar mai gyaran targaɗe. Larai ta ce ko ludayi ta kasa ɗagawa. Ya ja, ya tsaya, ya duba. Saura kaɗan. Ya ƙara ja, sai aka ji ƙas. Rabin kunnen ya faɗo ƙasa.

Ishaya ya dafe kai. "Baba, ka kashe ni. Da ka bari na lallaɓa a haka."

Da wani mai gyaran ne, da sai ya ce ai da ma a karye aka kawo. Malam Sama'ila bai ce haka ba. Zufa na ɗiga daga gemunsa ya ce, "A hannuna ya karye. Ka ba ni minti goma, in ban ta da keken ba ka faɗa wa duk wanda ya tambaya ni ne."

Ya ajiye giyar gefe gaba ɗaya. Ya ɗora sarƙar kai tsaye a kan haƙoran tsakiya na ƙafar baya, ya auna, ya fitar da gaɓoɓin da suka yi yawa da ƙusa da guduma, ya haɗa. Da ya juya feda sai sarƙar ta yi sako-sako ta zame. Malam Sama'ila ya mayar da ita kan haƙoran da suka ɗan fi girma. Ta ƙi hawa. Ya sassauta ƙafar, ya ɗora, ya danna da gwiwa ya ɗaure. Ya juya feda. Wannan karon ta zauna daram.

"Yanzu giya ɗaya gare ka," ya ce. "Kada ka miƙe tsaye a kan feda. In ka zo hawa, sauka ka tura. In ka ji ta fara ƙara, tsaya nan take. Tafi."

Larai ta ce ranar bai ci abincin rana ba. Ya ɗauko kunnen da ya fi kama da wanda ya karye, ya zauna da magagari yana gogewa yana gwadawa da guntayen, duk keken da ya ɓullo daga arewa sai ya ɗaga kai. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ya ƙi karɓar wani aiki.

Biyar ta wuce Ishaya ya iso, kular ba komai a ciki. Ya jingina keken, ya zauna a benci, ya dubi Malam Sama'ila.

"Sarƙar ta riƙe, Baba. Yara arba'in da ɗaya."

Malam Sama'ila ya ce alhamdu lillahi, ya kifa keken, ya ɗaura sabon kunnen.

Malam Sama'ila, kai ne mai faɗa wa mutum hatsarin aiki kafin ka sa hannu. Kai ne wanda abu ya lalace a hannunsa bai nemi wanda zai ɗora wa ba, ya tsaya ya nemo mafita. Yaran rugar nan sun yi nisa tare da iyayensu, ba su san sunanka ba, ba kuma za su sani ba. Mu da muka sani muna gode maka a madadinsu. Allah Ya ba idanunka lafiya, Ya sa ka huta cikin rufin asiri.

Ku kuma masu sana'ar hannu, na Kawo da na Rigasa da ko'ina, abu zai karye a hannunku wata rana, komai ƙwarewarku. Ranar, ku dubi mai kayan cikin ido ku ce ku ne, sannan ku ɗauki sifana.