Birnin Taku a Madubin Kawu

Kawuna direban bas ɗin makaranta ne, shekara goma sha tara yana wannan aiki. Kafin nan ya ja babbar mota, kafin nan kuma yaron gareji ne. A aji huɗu na firamare ya ajiye karatu, wai benci yana sa masa ciwon baya. Ni sai da na kai aji biyar na sakandare nawa bayan ya fara ciwo, saboda haka a danginmu ni ne farfesa.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, sai ya ɗora matashi biyu a kujera kafin ya hango titi sosai. Ba ya ta da mota sai ya goge madubin ciki da hankici, don ta nan yake mulkin yara talatin. Sunayensu ba sa zama a kansa, da inda suke sauka yake kiransu. Akwai 'Yar Gada, wadda ke fara sauka, sai Tagwayen Kanti, haka dai har zuwa Ɗan Asibiti, sannan Na Ƙarshe.

Shekara uku da suka wuce, wata rana cunkoso ya riƙe su bayan an tashi daga makaranta. Zafi ya yi zafi, yara 'yan shekara sha biyu zuwa sha huɗu suka kama jifan juna da murfin biro. Kawu ya yi tsawa, ba wanda ya ji. Sai ya sassauta murya ya ce wa madubi, "A garin da ake kulle takalma, da tuni an daskarar da ku."

Yara suka daina jifa, suka zuba wa madubi ido. Shi kansa bai san wane gari yake nufi ba, amma tunda ya faɗa, dole ya gina shi.

Haka aka haifi Birnin Taku. Birni ne na nan gaba, an rufe samansa da gilashi, injuna ke mulki. Kowane mutum ana ba shi taku dubu uku a rana, takalminsa na ƙarfe ne ke ƙirgawa. Da ya cika, sai takalmin ya manne da ƙasa, ka tsaya nan ƙiƙam har gobe, ko da a tsakiyar titi ne, ko da saura taku biyu ka kai banɗaki. Manya suna da taku ba iyaka, amma ba sa zuwa ko'ina, ɗaukarsu ake yi. Jarumar labarin wata yarinya ce da ta gano yadda ake zare ƙafa, ta tara yara masu yawo ba takalmi a cikin bututun ruwa.

Kullum da an fita ƙofar makaranta zai ɗauko labarin, ba zai ajiye ba sai Na Ƙarshe ya sauka. Duk abin da ya gani ta gilashi sai ya shiga labari. Fitilar hanya ta zama idon injuna. Wani ɗan sanda mai tumbi da ya taɓa tsayar da shi ya zama Babban Maƙirgi, kuma ya sha wuya a hannun yaran bututu fiye da yadda laifinsa ya kai.

Bana likita ya duba idon Kawu ya ce ƙarshen zangon karatu ya sauka daga sitiyari. Kawu bai damu da ritaya ba, ya ce bayansa ma zai gode. Birnin ne ya tsaya masa a rai. Na same shi a tsakar gida yana juya makullin mota a yatsa, Inna matarsa tana shanya.

"Shekara uku ina gini," in ji shi, "zan sauka ban bar ko bulo ɗaya ba. Kai Sarkin Yawo, wannan wayar taka tana ɗaukar magana?"

"Tana ɗauka, Kawu. Har minshari."

"To gobe ka zo. Littafi nake so, mai bango, irin wanda ake ajiyewa a kanta."

Saura mako uku. Na zo, na ajiye waya a tebur, na danna. Kawu ya gyara zama, ya yi gyaran murya sau huɗu, ya ce, "Akwai wani gari." Daga nan sai ƙarar fanka. Minti ashirin na ɗauka, duk fanka ce da Inna tana dariya a kicin.

"Malam, ko in kawo maka faranti ka riƙa murzawa kamar sitiyari?" in ji ta.

Wasa take yi, amma mun gwada. Mun kuma gwada cikin bas tana tsaye a harabar makaranta. Babu. Ashe labarin ba a kansa yake zaune ba, a hanya yake tsintarsa, kuma abin da ya faɗa jiya ya wuce kamar turakun lantarki. Ko sunan ƙanen jarumar ya manta.

Sai na ce, ai yaran sun ji. Shugabar makaranta ta ba mu aji ɗaya da Asabar da Lahadi na mako biyu, yara suka zo da littattafan rubutu, ni kuma na tsaya gaban allo da alli kamar mutumin kirki. Malamin da ya taɓa korata daga aji ya leƙo ta taga, ya gan ni, ya cire tabarau ya goge.

Nan muka gano yadda hanya ta raba labarin. Farkon kowace rana, kowa ya ji shi, har faɗa ake yi a kai. Tsakiya kuma, sai waɗanda gidansu ke da nisa. Tagwayen Kanti sun san yadda aka shiga rumbun takalma, ba su san yadda aka fito ba. Ɗan Asibiti ya san an fito, amma ya sauka daidai lokacin da inji ya cafke ƙafar jarumar. Daga tasharsa zuwa ta ƙarshe tafiyar minti goma sha biyar ce, kuma a cikinta Kawu yake warware komai. Washegari sai ya ɗora sabo, bai taɓa waiwaye ba. Kunne biyu kaɗai suka ji waɗannan ƙarshe, duka a kan mutum ɗaya.

Na Ƙarshe yaro ne mai kumatu, kuma shekara uku yana cin sarauta. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka ƙare, sai ya ce sirri ne tsakaninsa da Baba Direba. Har alewa ake ba shi. Yanzu aji duka ya juyo yana kallonsa.

"To, malam mai sirri," na ce, "buɗe mana."

Ya dubi silin, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Yaya, ni fa da mota ta yi shiru barci nake yi."

Kujerarsa tana bayan ta direba daidai, inda madubi ba ya kamawa sai saman kai. Kawu ya daɗe yana ganin kan nan yana gyaɗawa, yana jin daɗi ya samu mai fahimta.

Yara suka fashe da dariya, har da masu bin bashin alewa. Kawu ma ya yi dariya, ya ce, "Ɗan nema, ashe kujera nake wa wa'azi." Amma na ga ya zauna a bencin baya, ya sa makulli a aljihu. Littafi mai farko da tsakiya, babi sama da ɗari, ba ko ɗaya da ya ƙare.

Ana tattara jakunkuna 'Yar Gada ta matso. Siririya ce, ba ta cika magana ba, kuma a cikinsu ita ce ta fi kowa rashi, don minti bakwai kacal take samu a rana. Ta ajiye littattafan rubutu guda biyar a gaban Kawu, duk sun sha hannu.

"Baba, kada ka yi fushi. Ba naka ba ne. In na sauka ba na iya cin abinci sai na san abin da ya faru, shi ne nake rubuta nawa. Washegari in na tambayi su Ɗan Asibiti inda aka tsaya, na kuma ji inda ka ɗora, sai in gyara ya dace."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar cunkoso."

Kawu ya buɗe na farko, ya kai shi nesa da ido, ya dawo da shi kusa, ya miƙa mata. "Karanta min wurin da inji ya kama ta."

Ta karanta. A nata, jarumar ba ta fizge ƙafa ba. Yaran bututu ne suka fito suka yi ta zagaya injin a guje, su arba'in, ba takalmi, yana ƙoƙarin ƙirga takun da ba shi da rajista har lissafi ya cushe masa ya saki. Waɗanda suka kai ƙofa suka dawo suka zauna. Na Ƙarshe ma idonsa biyu.

"Haka na faɗa?" Kawu ya tambaye ni.

"Wa ya sani, Kawu? Shaidarka barci yake."

"To haka na faɗa." Ya juya wurinta. "Sai dai inji in ya cushe ba ya saki nan take, 'yata. Zafi yake fara yi, ya yi wari, sannan ya sake. Gyara wannan."

Ta ciro biro ta gyara a wurin.

Littafin ya fito ranar da aka rufe makaranta. A shagon buga takardu na bakin titi muka yi shi, kwafi arba'in, bango shuɗi, kuma mai shagon ya riƙe ɗaya wai na 'yarsa. A bangon an rubuta Baba Direba da 'Yar Gada da sauran fasinjoji. Na nemi a sa farfesa, aka ce wuri ya cika.

Yanzu Kawu yana gida, ya sa kujera a ƙofa yana ba direbobin unguwa shawarar da ba su nema ba. Inna ke karanta masa babi ɗaya bayan cin rana, tunda idon ba ya son ƙananan baƙaƙe. Jiya na tarar sun kai babi na sittin, ta tsaya za ta duba tukunya, ya riƙe gefen zanenta.

"Ƙarasa mana tukuna. Sun fita daga rumbun ko ba su fita ba?"

"Malam, kai fa ka yi littafin."

"Na yi farkonsa," in ji shi. "Zauna."