Jarkar Bayan Ɗakin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. "Wancan" yake ce mini, ranar da yake cikin nishaɗi kuma ya ce "mutumin nan". In yana son in yi masa wani abu, ko da ina tsaye a gabansa, sai ya dubi Inna ya ce, "A ce wa wancan ya miƙo mini sifana." Inna ta juyo ta ce, "To, ka dai ji." Ita kunyarta ta sassauta da na girma, tasa kuwa ko gezau. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka na tarar da gidan, kamar yadda na tarar da rijiyar tsakar gida.

Baba falamba ne. Ya yi shekaru yana bin motar kamfani zuwa Abuja lokacin da ake ta gine-gine, yana ɗaura wa manya banɗakin zamani irin wanda shi bai taɓa zama a kai ba. Gidanmu a unguwar Kwamba yake, cikin Suleja, a gangare, in damina ta yi nisa sai shadda ta cika ta kawo iya wuya, wari ya hana kowa sakat. Baba yana da nasa karatun a kan wannan. Ya ce ba bayan gida ke cika rami ba, fitsari ne, kuma haɗuwar su biyun ce ke ta da wari. A raba su, in ji shi, kowa ya kama gabansa, a zauna lafiya.

Da ya ajiye aiki sai ya tashi haiƙan. A ɗan banɗakin da ke jikin ɗakinsa ya zuba siminti, ya yi wurin tsuguno mai baki biyu da ɗan tudu a tsakani. Bakin baya babba ne, a kora da ruwan bokiti komai ya tafi rami. Na gaba ƙarami ne, da siririn bututu da ya huda katanga ya sauka cikin wata farar jarka a bayan ɗaki. Ya kuma kafa doka: ruwa ba ya shiga bakin gaba, ko ɗigo. Tsarki ma sai ka ja da baya. Inna ta leƙa sau ɗaya ta ce ita ba za ta koma makaranta da tsufanta don koyon tsuguno ba. Sauran yaran suka bi bayanta. Banɗaki ya zama na Baba shi kaɗai, dama abin da yake so ke nan.

Mai amfana da jarkar maƙwabcinmu ne, wani malamin firamare mutumin Filato, Kirista, da ke haya a bayanmu. Ticha kowa ke ce masa. Yana da ɗan lambu a jikin katangarmu, alayyafo da ugu da kuɓewa da 'yar masara. Takin zamani ya yi wuyar samu a shekarun nan, sai suka daidaita da Baba: a kai masa jarka, ya sirka da ruwa mai yawa ya zuba a gindin shuka. 'Yan majalisar ƙofar masallaci suka sa Baba a gaba, wai ya buɗe kamfanin rarraba najasa. Ya ce, "Kashin shanun da kuke kwasa zuwa gona fa, turaren wuta ne?" Lambun Ticha kuwa ya yi shar. Yakan aiko mana da alayyafo, Inna ta karɓa da godiya har da sa albarka, in ya juya baya ta ba awaki.

Ɗaukar jarka ta faɗo a kaina, ta hanyar da komai ke faɗowa: a ce wa wancan. Ina da shekara ashirin da ɗoriya lokacin, ina akawu a wata ma'aikata a Abuja. In fita da sassafe in yi kokawar shiga bas, in dawo gab da magariba, bayan 'yan kwanaki in zagaya baya in sunkuci jarka in miƙa wa Ticha. Ban so aikin ba, ban kuma ƙi shi ba. Hannuna dai ya san nauyinta, hancina ya san zarninta.

A wata bazara ta fara sauƙi. Na ce zafi ne, gumi ke kwashe ruwan jiki. Damina ta sauka, gari ya yi sanyi, jarka ba ta ƙara nauyi ba. Abin da ke ciki ya koma kalar shayi ba madara, wata rana har da ja-ja. Na lura Baba yana daɗewa a banɗaki. Wata Asabar ina bayan ɗakin ina gyara wa jarka zama sai na ji ya shiga. Na tsaya cak, don ban san yadda zan tafi ba tare da ya ji takuna ba. Na daɗe ina kallon bakin bututun. Ɗis. Can kuma, ɗis. Sai na ji nishinsa ta cikin katanga, ƙasa-ƙasa, irin na mutumin da ba ya son a ji.

To yaya ɗan fari zai tari ubansa ya ce na ga fitsarinka? Mu da ko gaisuwa kaina a ƙasa nake yi, shi kuma yana amsa wa bango. Na samu Inna a madafi na gaya mata, ina kallon murhu. Ta ce, "Ni ma na ga ba ya cin abinci." Bayan la'asar ta shiga wurinsa. Daga tsakar gida na jiyo amsar, don ya ɗaga murya yadda za ta iso ni: "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ce wa wancan ya ji da aikin gwamnatinsa."

Ba a yi mako ba jarka ta dawo da nauyinta. Sai da na sa hannu biyu. Na ce alhamdu lillahi, ƙila ya sha wani sassaƙe ne ya yi masa aiki. Na kai ta farko, na kai ta biyu. A ta ukun ne Ticha ya buɗe murfin ya tsaya, ya kai hanci, ya ɗan tsiyaya a ƙasa ya duba. Hausarsa tana da kyau, amma in abu ya dame shi sai ta cakuɗe da Turancin kasuwa.

"My brother, wannan ba fitsari ba ne," ya ce. "Na water. Ruwan rijiya ne. Shaƙa ka ji."

Na shaƙa. Ko alamar zarni babu.

Mutumin da ya ce ko ɗigon ruwa kada ya shiga bakin gaba, shi ne yake tsugunawa da buta yana tsiyayawa a hankali, don wancan ya ji nauyi ya yi shiru. Na tsaya a cikin kunyar kuɓewa ina jiran tsoro ya zo, ko haushi, ko tausayi. Babu wanda ya zo. Jikina duka ya yi irin yadda ƙafa ke yi in ka daɗe zaune a kanta. Na tuna ban goge rigar da zan sa gobe ba.

Ticha ba ɗan fari ba ne, ba kuma Bahaushe ba, saboda haka ba abin da ya ɗaure masa baki. Ya wanke hannu ya nufi zaurenmu, ya tuɓe silifa ya zauna a bakin tabarmar Baba. Ni ina waje, jikin ƙofa.

"Baba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. You no dey piss, ba ka fitsari. Mu je asibiti."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ticha, lallai Hausa ta zauna a bakinka. Faɗi gaskiya dai, taki ne ya yanke maka, ka fake da dubiya."

"Baba, dubi ƙafarka."

Ƙafafun sun kumbura, sun yi sumul, takalminsa ya daina shiga sai dai ya take bayansa. Ya ja bakin riga ya rufe su. Ya ce bayan Juma'a. Juma'a ta wuce ya ce sai an ga watan gobe. Ni kuma na ci gaba da ɗaukar jarka, cike da ruwa, ina kai wa Ticha yana karɓa. Ba wanda ya ce wa Baba an gane, ko da yake ya san an gane, kuma bai daina zubawa ba.

Sai da ya fara amai, ya kasa kai kansa masallacin da ke ƙofar gida, sannan ya yarda. Ranar da za mu tafi ya shiga banɗakinsa ya daɗe, muna tsaye da mai tasi muna jira. A asibiti likita ya tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Baba ya ce kwanan nan ne. Ina tsaye a bayansa, na dubi bango na ce, "Tun bazara." Shi ne karon farko da na sa baki a maganarsa. Bai waiwayo ba.

Aka sa masa robar fitsari, aka rataya jakarta a gefen gado. Likita ya ja ni waje ya ce hanyar ta daɗe a toshe, ƙodojin sun riga sun gaji, za su yi iya ƙoƙarinsu. Na ce to. Na tambaye shi inda ake sayar da ruwan zafi. Jakar nan fara ce tas, kowa ya shigo ɗakin yana ganin abin da ke ciki da wanda babu, kuma ba ta da bakin da za a zuba mata ruwa. Da na shigo na nufi kujerar da ke kusa da ita, Baba ya buɗe ido ya ce wa Inna, "A ce wa wancan ya zauna ta ɗaya gefen." Na zagaya. A ɗaya gefen na zauna har kwanakin suka ƙare.

Wata rana da hantsi Baba ya cika. Muka dawo da shi Suleja, aka yi masa sutura aka kai shi. Mutane suna ta zuwa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Da godiya." Ƙannena suna kuka, ina kallonsu kamar masu yin wani yare. Abin da na fi tunawa a zaman makokin shi ne wata tabarma da aka aro, mai ƙonewar dutsen guga a gefe, ina ta tunanin kada a ce mu muka ƙona.

Bayan sadakar uku, da yamma, ƙafata ta kai ni bayan ɗakin ba tare da na yi niyya ba. Jarkar tana nan a cike har wuya. Wato abin da ya tsaya yi ke nan ranar da muke jiransa da mai tasi, mutumin da ko buta ba ya iya ɗagawa sai da hannu biyu. Duk tsawon rayuwata saƙonsa ta bakin Inna yake iso ni. Wannan kaɗai ya aiko mini kai tsaye. Har yau ban san ko cewa yake kada in damu ba, ko kuwa in fita harkarsa.

Na ɗauka na kai lambu. Ticha ya gan ni ya miƙe, ya ɗauko bokitin da yake sirkawa da shi kamar kullum, sai ya tsaya da shi a hannu.

Na ce, "Bar shi, Ticha. Wannan ba sai an sirka ba."

Ni na zuba da kaina, gindi-gindi, har ta ƙare. Sannan na koma bayan ɗakin na mayar da ita ƙarƙashin bututun, na gyara mata zama.