Mai Ɗinki Za Ta Bar Ɗakin Bayan Sito

Kafin direbobi su ta da motocin dakon kaya, Mai Ɗinki ta riga ta zauna a ɗan ɗakin da ke bayan sito, inda babu taga, sai kwamfuta da fanka mai kuka. Direbobin ne suka laƙaba mata sunan, alhali bayanai take ɗinkewa. Takan ɗauko taswira daga wani shafin intanet, hasashen ruwan sama daga wani, ta haɗa da odar 'yan kasuwa cikin manhaja guda. Direba ya duba wayarsa, ya ga inda zai kai kaya da hanyar da ruwa ya ci.

Wata damina, masu shafin hasashen suka canza tsarinsu ba sanarwa. Hasashen ya daina shigowa, amma manhajar ta ci gaba da nuna hanya lafiya lau. Dogo, direban da ya fi kowa tsokanarta, ya bi hanyar, ashe gada ta karye. Ruwa ya tafi da shi da motar.

Babu wanda ya ɗora mata laifi. Amma a wurin gaisuwa matar Dogo ta riƙe mata hannu ta ce, "Yaya, kullum cewa yake, in wayarki ta ce tafi, ko ido rufe zai tafi."

Mai Ɗinki ta koma ta warware aikin, ta sake shi daga tushe. Yanzu daga wuri biyu hasashe yake zuwa, kuma in sun saɓa, ko ɗaya ya yi shiru, sai wayar ta tsayar da direba. Manajan siton ya yi ta mitar kaya suna makara.

"Ranka ya daɗe, su makara," in ji ta. "Ni dai mai kai su ya dawo gida."

Tun daga lokacin ba a sake rasa direba a ruwa ba. Sai dai hasken kwamfuta ya cinye mata idanu, har likita ya ce ta haƙura da aikin. Ƙarshen watan nan za ta tafi, yawancin masu karɓar kayan ba su ma san da ita ba.

Mai Ɗinki, ke ce kika ɗauki nauyin mutuwar da ba ke kika jawo ba, kika hana ta maimaituwa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma masu gadon kujerarta, in za ku ja layi a taswira, ku tuna mai iyali ne zai bi shi.