Dakta Binta, wadda ta hana a sayar da sirrin marasa lafiyarta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin adaidaita sahu da safen nan, mun kusa Gyaɗi-Gyaɗi, aka bugo min waya wai Dakta Binta ta rasu bayan sallar asuba.

Na ce da mai adaidaita ya tsaya. Ban ma san inda na sauka ba.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai ƙaramin asibitin da nake aikin nas a Tarauni. A hannunta na koyi aiki. Anti muke ce mata, ita kuma ba ta taɓa kiran sunana kai tsaye ba, sai ta ce Sista Maryam, tun ina sabuwa a aikin.

Lokacin da mahaifiyata ta kwanta, ita ta kore ni gida, ta karɓi aikina da kanta. Likita guda tana wanke ciwo tana canza bandeji. Da azumi kuwa ba a rasa dabino a durowarta.

Na yi kuka yau, na ƙoshi. Amma yanzu da na zauna rubutu, wallahi alfahari ne ya fi yawa a zuciyata. Bari in gaya muku dalili.

Shekarun baya wani kamfani ya zo ya ce zai mayar mana da fayil-fayil ɗin marasa lafiya cikin kwamfuta, kyauta. Murna muka yi, don mun gaji da neman kati a kabad. Wakilinsu ya ajiye yarjejeniya, ya miƙa wa Anti biro.

Ba ta karɓa ba. Ta ce sai ta karanta, sai kuma lauyanta ya gani.

Da ya dawo, ya tarar ta ƙara sharaɗi. Kamfanin ba zai sayar da bayanan marar lafiya ba, ba zai ba da aronsu ba, ba zai musanya su da komai ba. Ko an sayar da kamfanin, wanda ya saya yana ɗaure da sharaɗin. In kuma suka saɓa, sai sun janye abin da suka fitar, sun goge, sun biya wanda aka tona wa asiri diyya.

Mutumin ya yi dariya. Ya ce, "Hajiya, kyauta fa muke muku aikin nan. Ba wanda ya taɓa kawo mana irin wannan."

Ta ce, "Ɗana, abin da ke cikin fayil ɗin nan ba nawa ba ne. Mutum ya rufe ƙofa ya gaya min abin da ko matarsa bai gaya wa ba. In ba za ku sayar ba, me zai hana ku rubuta?"

Ya tattara takardunsa ya fita. Muka ci gaba da katinmu. Da 'yan kamfanin suka ga sauran ƙananan asibitocin unguwa sun ce sai abin da Anti ta yi, suka dawo da kansu suka sa hannu.

Ashe ranar amfaninsa na tafe. Kamfanin ya koma hannun wasu, sababbin masu shi suka fara hulɗa da 'yan tallan magani.

Akwai wani bawan Allah, direban wani gida, da muke duba shi kan ciwon hanta. Na gan shi ɗazu a gidan makoki, shi ya ce in ba da labarin, kada dai in faɗi suna. Yana tuƙi, maigidansa na zaune a baya, aka kira shi a waya: "Malam, mun samu labarin ciwon hantarka, muna da magani." Ya kashe wayar da sauri. Ya zo asibiti, ya ce, "Dakta, in suka ji a gidan da nake aiki, ba za su ƙara barin in kai yara makaranta ba. Da me zan ci da iyalina?"

Ban taɓa ganin ran Anti ya ɓaci kamar ranar ba. Ta zaunar da shi, ta yi masa bayani cewa zama a mota ɗaya ba ya sa wa kowa ciwon. Sannan ta yafa mayafinta, ta kira lauya, suka nufi ofishin kamfanin.

Da fari musu suka yi. Sai suka ce ai ba su ne suka sa hannu ba. Lauya ya nuna musu inda aka ce sharaɗin yana bin wanda ya saya. Daga nan murya ta sauka.

Sun janye bayanan mutanenmu daga hannun 'yan tallan, an goge a gaban shaidu, sun ba da haƙuri, sun biya direban diyyarsa. Waya ta daina shigowa. Har gobe yana bakin aikinsa.

Anti ba ta tsaya nan ba. Ta buga kwafin shafin sharaɗin nan, ta bi asibitoci da ɗakunan gwaji ɗaya bayan ɗaya, daga Gyaɗi-Gyaɗi har Babban Giji, tana raba musu. Yau in kamfani ya kawo takarda a yankinmu, za ka ji an ce, "An sa sharaɗin Dakta Binta?"

Ganina da ita na ƙarshe a gidanta ne, a Unguwar Gano, makon jiya. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Ta sa aka kawo min kunun aya, ta tambayi kowa da sunansa. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Sista Maryam, ko wa zai gaji kujerata, ku sa shi ya karanta kafin ya sa hannu."

Masu turo min saƙo suna tambayar me ya yi ajalinta, ku yi min haƙuri. Ni nas ɗinta ce. Ba zan faɗa ba.

Ya Allah, baiwarka Binta ta rufa wa bayinka asiri, Ka rufa mata nata duniya da lahira. Ka yafe kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta, Ka ba 'ya'yanta da mu haƙurin rashinta.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san ta ba, ya sa ta a addu'a. Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.