Randar da ba ta gumi

Innata maginiyar tukwane ce, kuma daga Kakangi har Dogon Dawa ba macen da ba ta san randarta ba. Ka zuba ruwa da hantsi, kafin azahar sai ya sa haƙoranka tsami. In an tambaye ta asirin, cewa take yi: "Randa sai da gumi." Tana nufin nason nan da ke fitowa a jikinta, iska ta buga, ruwan ciki ya yi sanyi.

Toyinta na gargajiya ne. Sai ta kifa tukwane a kan garwashi su sha ɗumi ta ciki, sannan ta jera su a matoya, ta rufe da kirare da ɓawon itace da ciyawar da muke yankowa a bakin daji. Wuta ta tashi, ta faɗi, shi ke nan. Ta yayyafa musu ruwan makuba tun suna da zafi. Mai saye kuwa abu ɗaya ta sani: ta ƙwanƙwasa da yatsa, ta kasa kunne. In tukunya ta amsa da ƙara, ta toyu.

'Yan shekaru bayan an sami 'yancin kai, wani malamin sana'a ya zo daga birni ya gina tanderu na bulo a bayan gari. Lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu, na gama ajin yaƙi da jahilci, kaina ya kumbura ba kaɗan ba. Ya ce toyin Inna rabin toyi ne, nasa kuwa wuni guda wuta ke ci, tukunya ta fito ta shekara ɗari. Ni na kai mata maganar, ni na nace.

"Inna, duniya ta ci gaba, ke kina nan da ciyawa."

"Shi malamin naki ya taɓa shan ruwan randa?" in ji ta.

Na yi dariya. Wallahi har yau dariyar nan tana ƙona mini rai.

Ta ba da ginin rani guda a toya a tanderun, don kada a ce ta kunyata 'yarta. Da aka buɗe tanderu, ta ɗauki randa ɗaya ta ƙwanƙwasa. Ƙarar ta tashi kamar ƙararrawar makaranta. Mata suka rangaɗa guɗa. Ita kanta Inna ta yi murmushi, don kunnenta bai taɓa yaudararta ba. Ranar kasuwa aka yi wawar kayan kafin la'asar.

Ba a yi mako ba masu saye suka fara dawowa. Wutar ta toshe jikin yumɓun, randa ba ta naso, ruwa yana kwana da ɗuminsa. Tukwanen miya kuwa, da sun hau murhu sai tas, miya a toka. Wata mata daga Gayam ta zube mana tsingaro a ƙofar gida, ta ce, "Iya, tsufa ne ya kama hannun, ko rowar yumɓu?" Ba wanda ya ambaci malamin. Shi an yi masa canjin wurin aiki, ya ɗaure akwatinsa a keke.

Inna ta koma matoyarta, tukwanen suka fito kamar da. Amma mata sun daina ƙwanƙwasa kayanta. Su dube su, su wuce wajen masu tukunyar ƙarfe. Rani biyu ta ƙara, ta ajiye sana'ar.

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Randa ɗaya ta tanderun ta ajiye a ɗakinta, kuma duk ran da na je gaishe ta, a ciki take ɗebo mini ruwa. Ta miƙo moɗa, ta tsaya har sai na shanye.

Randar tana wurina tun rasuwarta. Ta faɗo daga mota ranar da muka tashi daga garin, ko tsaga ba ta yi ba. A nan kam malamin bai yi ƙarya ba.